Kwana 90 Bayan Digiri: Labarin Karatuna na Manufofin Gwamnati a Amurka

Makarantar da mutum zai je ita ce abu mafi sauƙin sani ga mai neman digiri na biyu a fannin manufofin gwamnati ko hulɗar ƙasa da ƙasa. Sunayensu na nan a intanet, kowace da hotunan ɗalibanta suna murmushi. Abin da ya wahalar da ni, ya kuma wahalar da yawancin baƙin da muka zauna aji ɗaya, yana can bayan makarantar: fasfon da kake riƙe da shi, irin bizar da ka shiga da ita, da shekarun aikin da ka tara kafin ka je. Ina rubuta tawa tafiyar ne don mai shirin bin hanyar ya ga inda ramukan suke.

Kimiyyar siyasa na karanta a digirin farko, na kuma yi 'yan shekaru ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta da ke mayar da yaran da suka bar makaranta aji. Aikin ya tsaya ne bayan masu ba da tallafi sun turo masu tantancewa. Rahotonsu jadawali ne bayan jadawali, wasu lambobin da taurari a gefensu, wasu babu. Aka ce mana lambar da ta shafi aikinmu ba ta da tauraro, don haka babu hujjar cewa ya canja komai. Mu da muka san yaran ɗaya bayan ɗaya muka yi tsit, domin babu wanda ya san yadda aka fito da lambar balle ya yi musu. Rufe aikin ya yi mini zafi, amma shirun nan ya fi. Daga nan na fara neman inda ake koyar da wannan lissafi.

Digirorin fannin kusan iri uku ne, kuma ba aiki ɗaya suke kai mutum ba. Akwai MPP, wanda ya fi karkata ga tattalin arziki da ƙididdiga da nazarin manufa. Akwai MPA, wanda asalinsa gudanar da hukuma ne da kasafin kuɗi. Makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse, da aka kafa a 1924, tana cikin mafiya daɗewa a kansa. Sai digirin hulɗar ƙasa da ƙasa, irin na Georgetown da ta buɗe makarantarta a 1919, da Fletcher a 1933, da SAIS ta Johns Hopkins a 1943, da SIPA ta Columbia a 1946, inda diflomasiyya da tsaro da harsuna suke da ƙarfi. A Amurka yawanci shekara biyu ake yi. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ce, kamar MPP na makarantar Blavatnik a Oxford. Shekara ɗaya ta fi araha, sai dai kafin ka gane garin an fara neman aiki. MPP na zaɓa, a wata jami'a mai zaman kanta a gabashin Amurka.

Neman gurbin kansa yana cin shekara guda. Jarrabawar GRE tana da ɓangaren harshe da na lissafi, kowanne daga maki 130 zuwa 170, kuma sakamakon yana aiki shekara 5. Tun annobar korona makarantu da yawa suka ce ba dole ba ce, amma wanda babu tattalin arziki ko lissafi a takardar sakamakonsa, irina, makin lissafin nan ne kaɗai shaidar da zai nuna cewa zai iya zangon farko. TOEFL, jarrabawar Ingilishi, a lokacina daga 120 ake ba da maki, manyan makarantu suna neman wajen 100, kuma shekara 2 kawai yake aiki, don haka wanda ya yi gaggawar zana ta sai ta lalace kafin ya kai ga amfani da ita. Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema. A nan mutane ke garzayawa wurin mai babban muƙami, ya rubuta layi biyar na yabo wanda zai dace da kowa. Wasiƙar shugabar sashenmu, wadda ta faɗi aikin da na yi da hannuna da abin da ya fito daga ciki, ta fi amfani nesa ba kusa ba. Mai shaidar ne da kansa yake ɗora wasiƙar ta hanyar saƙon da makaranta ke tura masa, saƙon kuma yakan faɗa cikin tarkacen akwatinsa, sai an bi shi da tuni. Idan makaranta ta nemi a tantance sakamakon digirin farko ta wani kamfani, tsohuwar jami'arka ce za ta aika takardun kai tsaye, wannan kuma kan ci makonni. Ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, kuma sau da yawa wa'adin neman tallafi yana riga na neman gurbi. Amsa kan fito a Maris, ka ba da taka zuwa 15 ga Afrilu.

A Maris na 2021 amsar ta zo: an ɗauke ni, an kuma yafe mini rabin kuɗin koyarwa. Murnar da na yi a daren sai wanda ya gani. Da gari ya waye na ɗauki biro. A irin waɗannan makarantu kuɗin koyarwa kaɗai ya haura dala 50,000 a shekara, kafin haya, da abinci, da inshorar lafiya wadda dole ce ga baƙo. Rabin da aka yafe bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Makaranta kuma ba za ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1, sai ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko gaba ɗaya. Bayan ta akwai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350, da na biza wanda a lokacin dala 160 ne.

Hanyoyin da ba sa barin mutum da bashi suna nan, amma kowace da sharaɗinta. Makarantar manufofin gwamnati ta Princeton tana ɗaukar nauyin duk wanda ta ɗauka a digiri na biyu, shi ya sa shigarta ke da wuya. Tallafin Fulbright na gwamnatin Amurka yana zuwa da bizar J-1, wadda ke tilasta komawa gida na shekara 2 kafin a nemi wasu bizoji na aiki. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya yana neman aikin shekara 3 a harkar raya ƙasa, kuma a zaɓaɓɓun makarantu kawai. Chevening na Birtaniya yana neman aikin sa'o'i 2,800, shi ma da alƙawarin komawa gida shekara 2. Jamus tana da shirin Helmut Schmidt ƙarƙashin DAAD, hukumarta ta musayar ɗalibai, musamman don wannan fanni. Yawancinsu ana rufe su tun kafin makarantu su ba da amsa, wato tare da neman gurbi ake nemansu, ba bayansa ba. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani: ana roƙon ƙarin tallafi. Wasiƙa ce ta ladabi zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai, musamman idan wata makaranta ta yi maka tayin da ya fi nasu. Na rubuta, an ɗan ƙara, amma gibin bai rufe ba.

Zaɓi biyu ya rage: in haƙura in sake nema baɗi tare da waɗancan tallafin, ko in ci bashi. Baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin Amurka. Bankuna kuma suna neman wanda zai tsaya maka, ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin. Saura 'yan kamfanonin da ke ba baƙi ba tare da mai tsayawa ba, su kuwa ruwansu ya fi tsada. Na kira yayana, na karanta masa takardar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanwata, da wane kuɗi za ki biya, da dala ko da abin da kike samu yanzu?" Na ce, "Yaya, in Allah ya yarda can zan samu aiki, shekara biyu ko uku na gama da shi." Ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma ki sake karanta wajen ruwan nan." Lissafina ya ginu ne a kan albashin da makarantar ta wallafa na tsofaffin ɗalibanta. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, sai dai an haɗa 'yan ƙasa da baƙi a ciki, kuma waɗanda suka amsa tambayar kawai aka ƙirga.

Ruwan bashin mai canjawa ne, yana bin kasuwa, kuma yana taruwa tun ranar da aka tura kuɗin makaranta, ba ranar da ka gama ba. Lokacin da na sa hannu, ruwan Babban Bankin Amurka kusan sifili yake. Daga Maris na 2022 ya fara hawa, zuwa Yuli na 2023 ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 cikin ɗari. Abin da zan riƙa biya a wata ya hau tare da shi tun kafin in biya ko sisi.

Karatun kuwa, ba zan rage masa komai ba: ya yi kyau. A watan Agusta, kafin a buɗe zango, ana yin makonnin tunin lissafi. Sai zangon farko ya faɗo: tattalin arziki, ƙididdiga, da tulin tambayoyin lissafi da za a miƙa kowane mako. Wanda ya zauna shi kaɗai da su zai nutse. Ɗalibai ƙungiya suke yi uku-uku ko huɗu-huɗu, kuma kowane malami yana da sa'o'in da ƙofarsa a buɗe take ga mai tambaya. Da yawanmu baƙi mun saba ganin zuwa ofishin malami kamar rashin kunya ne ko tallan jahilci, alhali daga nan ake samun aikin taya bincike da wasiƙar shaida ta gaba.

Rubutu ma sai da na sake koyo. Takardar shawara ga mai mulki shafi ɗaya ce ko biyu. Ta farko da na miƙa, na fara da tarihin matsalar, na bi da ra'ayoyin masana, shawarata tana can ƙarshe. Malamin ya ja layi daga saman shafin farko har ƙasa, ya zagaye sakin layi na ƙarshe, ya ja kibiya zuwa sama. A gefe ya rubuta cewa minista a cikin mota zai karanta, kuma layi uku na farko kaɗai zai gani. Tsarin shi ne: shawara a farko, zaɓi biyu ko uku da kuɗin kowanne, wa zai amfana, wa zai yi adawa, sai abin da za a yi ranar Litinin.

A zango na biyu na gane maganar taurari. Tauraro yana nuna cewa da wuya bambancin da aka gani ya zama na dace kawai, kuma yawanci a kashi 5 cikin ɗari ake yanke iyaka. Rashinsa ba ya nufin aiki bai yi tasiri ba. Idan makarantun da aka auna kaɗan ne, ko da tasirin gaskiya ne, binciken ba shi da ƙarfin kama shi. Da na san wannan tun farko, tambaya ɗaya zan yi wa masu tantancewar nan: makarantu nawa kuka auna, kuma wane girman tasiri adadin zai iya ganowa? Mun yi nazarin shirin Progresa da Meziko ta fara a 1997, inda aka zaɓi ƙauyukan da za su fara karɓar tallafi ta hanyar ƙuri'a, wanda ya sa aka iya auna tasirinsa a kan zuwa makaranta. Irin wannan gwaji ne ya kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga kyautar Nobel a 2019. Ranar da na fito daga wannan darasi na ji kuɗina bai tafi a banza ba, kuma har yau ina jin haka game da ajin.

Wajen aji ne aka sha wuya. Mai bizar F-1 ba zai wuce aikin sa'o'i 20 a mako ba lokacin zango, kuma a cikin jami'a kawai. Abin da yake kawowa yana biyan abinci da wani ɓangare na haya. A sanyin shekarar farko barci ya ƙaurace mini. In kwanta sai lissafin ruwa ya riƙa yawo a kaina har asuba. Gida kuwa ba a faɗa musu, tunda kowa yana ganin ka tsallake. Jami'o'in can suna da ofishin masu ba da shawara kan damuwa, kuma kuɗin da ɗalibi ya riga ya biya ya haɗa da shi. Na daɗe ina wuce ƙofar kafin in shiga. Ya taimaka.

Hutun bazara tsakanin shekara ta farko da ta biyu na aikin sanin makama ne, kuma shi ne ainihin ƙofar aiki. Baƙo yana buƙatar izinin CPT daga ofishin ɗaliban waje, wanda a ƙa'ida sai bayan cikakkiyar shekarar karatu ɗaya. Manyan kamfanonin ba da shawara tun kaka suke fara ɗauka, sauran wurare daga Janairu zuwa Maris. A nan na fara ganin aji ya rabu biyu. Ayyukan gwamnatin tarayyar Amurka na 'yan ƙasa ne, haka aikin jakadanci, haka duk inda ake buƙatar tantancewar tsaro, wanda ya haɗa da kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangila. A taron baje kolin ayyuka na bi tebur bayan tebur da takardar tarihin aikina, ana karɓa da fara'a har sai an zo tambayar fasfo. A fom ɗin intanet ma tambayar na nan: yanzu ko nan gaba za ki buƙaci a ɗauki nauyin bizarki? Ka ce e, sau da yawa daga nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana karɓar baƙi, amma ba ta biyan masu sanin makama, kuma zaman New York ko Janiba na wata uku ba albashi sai mai hali. Makarantu da yawa suna da ɗan asusun tallafa wa masu irin wannan aiki. Yana da nasa wa'adin, kuma yana ƙarewa da wuri.

Na gama a Mayu na 2023. Abin da ke biye shi ne OPT, izinin aiki na wata 12, kuma ƙa'idojinsa ba sa yafiya. Ana iya nema tun kwana 90 kafin kammala karatu zuwa kwana 60 bayansa. Jami'in ɗaliban waje zai fara amincewa a sabuwar I-20, daga nan kana da kwana 30 ka miƙa fom I-765, wanda a lokacin dala 410 ne. Katin kan ɗauki watanni, kuma ba a fara aiki sai yana hannu. Kai za ka zaɓi ranar farawa a cikin kwana 60 ɗin bayan kammalawa. Daga wannan rana agogo ya tashi: jimillar kwanakin da aka yarda ka zauna ba aiki 90 ne, har da Asabar da Lahadi. Ka zaɓi rana da wuri ba ka da aiki, kana ƙona kwanaki. Ka zaɓi nesa aiki ya zo, ba damar farawa. Aikin dole ya shafi fanninka, ya kai sa'o'i 20 a mako, kuma ko na sa kai ne yana tsayar da agogon idan ya cika sharuɗɗa. Wasu makarantu sun yi wa MPP ɗinsu rajista a rukunin STEM, wato kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, wanda ke ba da ƙarin wata 24. Lambar fannin tana rubuce a jikin I-20, kuma ana iya tambayarta tun kafin a karɓi gurbi. Nawa ba ya ciki.

Waɗannan watanni su ne mafi duhu. Na manna takarda a bango ina soke kwanaki. Abokan da muka yi lissafi tare sun fara aiki a ma'aikatu a Washington, ni kuwa ina aika takardu da safe, da yamma in duba akwatin saƙo. Wa'adin fara biyan bashi, wata shida bayan kammalawa, yana tahowa ta ɗaya gefen. Babu abin da ya fi ci mini rai kamar tambayar gida ta "ya aiki?", wadda da kyakkyawar niyya ake yinta.

A lokacin na zauna na karanta tallace-tallacen ayyukan hukumomin duniya da idon basira. A Majalisar Ɗinkin Duniya, matakin P-2 yana neman digiri na biyu da aikin shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10. Digirin sharaɗi ne kawai, shekarun ne ake tacewa da su, kuma dole su shafi aikin da aka tallata. Jarrabawar matasa ta YPP tana ga 'yan shekara 32 zuwa ƙasa, daga ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a Majalisar, jerin kuma yana canjawa kowace shekara. Muƙaman matasan ma'aikata na JPO gwamnatoci ne ke biyansu, galibi don 'yan ƙasarsu. Ingilishi da Faransanci ne harsunan aikin Sakatariya, kuma mai Faransanci ko Larabci yana tsallake layi a ayyuka da dama. Hukumomin duniya suna da daɗi ɗaya: ma'aikatansu bizar G-4 suke samu, ba ruwansu da ƙuri'ar rabon bizar aiki. Wasu abokaina sun shiga Bankin Duniya a matsayin masu kwantiragin gajeren lokaci, wanda a lokacin ba ya wuce kwana 150 a shekarar kuɗinsu, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Irin wannan aiki ba a cika tallata shi ba. Jagoran aiki ne ke neman wanda ya iya abu takamaimai, ta bakin malami ko tsohon ɗalibi.

Abu takamaimai ɗin ne ya cece ni. Sanin siyasar duniya kowa a ajin yana da shi, ba wanda ya tambaye ni. Aikin kammalawa da muka yi wa wata hukuma a zangon ƙarshe ya sa na shafe watanni ina tsaftace bayanan binciken gidaje da manhajojin Stata da R. Wani ƙaramin kamfanin tantance ayyuka ya turo mini gwaji: tarin bayanai masu datti, sa'o'i kaɗan, a fito da jadawali da bayanin shafi ɗaya. Na gano an maimaita wasu gidaje, an kuma sa 999 a gurbin amsar da babu, wanda in ba a cire ba zai kumbura matsakaicin kuɗin shiga. Na rubuta abin da na cire da dalili. Suka ɗauke ni, agogon ya tsaya da 'yan makonni a hannuna.

Bayan OPT sai H-1B, bizar aiki ta ƙwararru. Guraben 65,000 ne a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka. A lokacina mai aiki ne ke yi maka rajista a Maris, a jefa ƙuri'a, wanda ya ci ya fara 1 ga Oktoba. A 2024 rajistar ta haura 400,000. Jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba ba sa cikin wannan iyaka, shi ya sa baƙon da ya waye yake sa musu ido tun farko. Kamfanina na kasuwanci ne. Mai wata 12 sau ɗaya yakan shiga ƙuri'ar, mai STEM yana iya shiga har sau uku. Sunana bai fito ba. A lokacin, bayan ƙarewar OPT akwai kwana 60 na haɗa kaya. Wasu sun sake shiga wani karatun don riƙe biza. Na duba abin da ake bina, na ga ba zan ɗora bashi a kan bashi ba, na sayi tikiti.

Dawowar ba ta zo da kunyar da na zata ba. Cikin 'yan watanni na samu aikin sa ido da auna tasiri a wata ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga tallafin Amurka, na fara numfasawa. Ranar 20 ga Janairu, 2025, sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kwanaki kaɗan bayan haka umarnin tsayar da aiki ya iso. Zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, a hukumance. Ofishinmu ya watse. Bashin kuwa da dala yake, bai san an rufe komai ba. Na rubuta wa kamfanin tun kafin ranar biya ta wuce, da takardar sallama a haɗe. Suka ba ni sassaucin 'yan watanni, ruwa yana ci gaba da taruwa ana ɗora shi a kan uwar kuɗin. Wanda ya nemi sassauci kafin ya tsallake wata da wanda ya nema bayan ya tsallake, ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

Wannan girgiza ta taɓa fannin gaba ɗaya, har da waɗanda suka daɗe a cikinsa. Waɗanda na ga sun fi saurin tashi su ne masu sana'ar da za ta iya sauya gida: mai ƙididdiga, mai kasafin kuɗi, masanin dokar ciniki, masanin makamashi ko haraji. Ma'aikatun kuɗi da tsare-tsare, bankunan raya ƙasashe na yanki, gidauniyoyi da kamfanoni duk suna buƙatarsu. Mai digirin gama-gari, wanda ya ɗanɗana darasi ɗaya a kowane fage, shi ya fi daɗewa a layi. Shi ya sa idan wani ya kawo mini wasiƙar gurbi, nakan ce ya fara kawo tallace-tallacen ayyuka goma da yake son yi, mu karanta sharuɗɗan tare: fasfo, shekaru, harshe, manhaja. Sannan ya tambayi makarantar inda baƙinta, su kaɗai, suka samu aiki bara. Mai aikin shekara ɗaya a hannu nakan ce ya ƙara biyu, domin su ne za su buɗe masa tallafin da babu bashi, su ne kuma za a ƙirga masa bayan ya gama.

Yanzu kwantiragi nake yi: tsara tambayoyin bincike, horar da masu tattara bayanai, lissafin adadin gidajen da ya kamata a auna kafin a kashe kuɗi. Wata ya yi kyau, wata ya yi shiru. Da dare ina koyon Faransanci, saboda ayyukan da nake hange suna nemansa. An yi mini tayin neman digirin digirgir, wanda a can yawanci da cikakken tallafi yake zuwa, amma shekara biyar ne ko fiye, kuma ban yanke shawara ba. Bashin asalinsa na shekara 10 ne. Da sassaucin da aka ba ni, sabuwar takardar ta nuna zan gama biya a 2034.